KIYASHI A BAYAN RUMFA: ABIN DA FITSARI KE FAƊA GAME DA CIWON SUKARI

Duk wanda ya taɓa zama a Maiduguri ya san Kasuwar Kwastam, watau kasuwar nan ta Gamboru da ke kusa da kogin Ngadda, a bakin hanyar da ta miƙe zuwa Mafa da Dikwa har Gamboru Ngala a kan iyakar Kamaru. Tun da asuba motoci ke sauke buhunan gero da dawa da wake, da kwandunan tumatir da tattasai da albasa, kafin hantsi ya dubi ludayi kuwa ba ka jin kome sai hayaniyar ciniki da Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa. Idan watan Afrilu ya kama, zafin rana yakan wuce digiri 40, saboda haka ba wanda ke mamaki in ya ga mutum yana shan ruwa leda bayan leda. To, a cikin wannan rashin mamaki ne wata cuta takan sami wurin ɓuya, ita ce kuwa ciwon sukari.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya shafe fiye da shekara 30 yana sayar da hatsi a wannan kasuwa. Mutum ne kakkaura mai fara'a, ba ya rabuwa da butar shayi a gefen buhunansa, ban kuwa taɓa jin an ce ya kwanta a asibiti ba. A bazarar 2022 sai ƙishirwa ta sa shi gaba, ya sha ruwa yanzu, jim kaɗan maƙogwaronsa ya sake bushewa. Da dare yakan tashi fitsari sau biyar ko shida, da rana kuma sai gajiya da gyangyaɗi. Yana cin abinci fiye da da, amma ga wandonsa yana neman saɓulewa. Maƙwabtansa na rumfa kowa ya kawo tasa shawara, wannan ya ce zafin bana ne, wancan ya ce sanyi ne ya kama masa mara. Har ma ya sayi wani jiƙo a hannun masu tallan magani da lasifika, ya yi kwana goma yana sha, ba abin da ya ragu sai kuɗinsa.

Wanda ya fara gano bakin zaren shi ne yaron shagonsa, ɗan shekara 15. Wata rana da la'asar ya ce masa, “Baba Alhaji, ni fa akwai abin da nake gani. Duk inda ka tsuguna a bayan rumfa, in an jima sai in tarar kiyashi ya taru a wurin kamar an zubar da zuma.” Kawu ya daka masa tsawa, ya ce ya kama bakinsa, amma maganar ta tsaya masa a rai. Da na je gaishe shi da dare sai ya jawo ni gefe ya ce, “Ɗana, kai da ka yi boko, me ke kai kiyashi wurin fitsarin mutum?” Na ce, “Kawu, gobe da safe mu je asibiti su ba mu amsa.”

A asibiti aka ba shi 'yar kwalba ya kawo fitsari, ma'aikacin ɗakin gwaji ya tsoma wani siririn tsinke na roba a ciki. Kafin minti ɗaya ɗan tabon da ke jikin tsinken ya juye daga shuɗi-shuɗi ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Sa'an nan aka soki yatsansa aka ɗiga jini a na'ura, ta nuna lamba sama da 300. Likita ya dube shi ya ce, “Alhaji, ciwon sukari ne, kuma ya daɗe a jikinka.”

TSOHON ILMI NE

Abin da yaron nan ya gani da idonsa, shi ne masana suka fara gani tun zamanin da ba a san allura ba. A cikin wata tsohuwar takardar magani ta Misira, wadda aka rubuta wajen shekara 1,550 kafin haihuwar Annabi Isa, an ambaci cutar da ke sa mutum yawan fitsari. Likitocin Indiya na da can, irin su Sushruta da Charaka, sun kira ta da sunan da ke nufin fitsarin zuma, domin sun lura tururuwa na taruwa a kan fitsarin mai fama da ita. Shahararren likitan nan na Musulmi, Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya siffanta cutar a littafinsa Alƙanun, ya ambaci zaƙin fitsarin mai ita da kuma yadda take ruɓar da gaɓoɓi.

Turawa sun zo daga baya. A 1674 wani likitan Ingila mai suna Thomas Willis ya rubuta cewa fitsarin irin waɗannan majinyata yana da zaƙi ƙwarai, ya kuwa san haka ne ta hanyar da mai karatu ba zai so ya gwada ba, watau ɗanɗanawa. A 1776 Matthew Dobson, wani likita a birnin Liverpool, ya ƙafe fitsarin majinyaci a kan wuta, abin da ya saura a ƙasan kasko ya yi kama da mazarƙwaila, ya kuma gano cewa ruwan jinin majinyacin ma yana da zaƙi. Wannan shi ne babban abin lura, domin ya nuna tushen cutar a cikin jini yake, fitsari mai kawo labari ne kawai. A 1815 masanin Faransa Chevreul ya tabbatar cewa sukarin nan shi ne wanda ake kira gulukos. A 1889 kuma, a birnin Strasbourg, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa kare wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, nan da nan karen ya kama yawan fitsari, da aka gwada sai ga sukari a ciki. Daga wannan gaɓa ce Frederick Banting da Charles Best suka tatso sinadarin insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa a watan Janairu na 1922.

Shi ma gwajin fitsarin ya yi ta canza kama. A farkon ƙarni na 20 wani masanin Amurka mai suna Stanley Benedict ya haɗa wani shuɗin ruwa wanda aka sa wa sunansa. Tsofaffin ma'aikatan jinya na ƙasar nan ba su manta da shi ba: a zuba ruwan a siririyar kwalba, a ɗiga fitsari ɗigo 8, a ɗora a kan fitila har ya tafasa. In ya zauna a shuɗinsa, ba sukari. In ya koma kore, akwai kaɗan, in ya koma rawaya ya fi haka, in kuwa ya yi ja kamar jan bulo, to, abin ya yi yawa. A 1941 aka fito da ƙwayar Clinitest wadda ke tafasa fitsarin da kanta ba sai an kunna wuta ba. A 1956 wasu masana mata da miji, Helen Free da Alfred Free, suka ƙago tsinken Clinistix a Amurka, shi ne kakan tsinken da aka tsoma wa Kawu.

TA INA SUKARI KE SHIGA FITSARI?

Tuwo da shinkafa da burabusko da burodi da rogo, duk idan sun narke a ciki gulukos suke zama, ya shiga jini. Jiki yana bukatarsa kamar yadda mota ke bukatar mai, amma ba ya iya shiga tsoka da wasu sassan jiki yadda ya kamata sai da taimakon insulin. Idan fankiriyas ya kasa samar da insulin ɗungum, kamar yadda yakan faru ga yara da matasa, wannan shi ne nau'i na ɗaya na cutar. Idan kuwa akwai insulin ɗin amma bai isa ba, ko jiki ya daina jin maganarsa, wannan shi ne nau'i na biyu, shi ne kuma ke damun fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon sukari. Akwai kuma wanda ke zuwa wa mace sa'ad da take da juna biyu. Ko wanne ne dai, sai sukari ya taru a jini, jiki kuwa yana kukan yunwa, shi ya sa za ka ga mutum yana ci yana rama.

Ƙoda biyu da Allah ya yi wa ɗan Adam su ne matatar jini. A kowace rana suna tace ruwa kamar lita 180, amma kusan dukkansa suke mayarwa cikin jini, abin da ke fita fitsari bai fi lita ɗaya zuwa biyu ba. Gulukos yana cikin abin da ƙoda ke mayarwa, shi ya sa fitsarin mai lafiya ba ya ɗauke da sukarin da tsinke zai gani. Amma ƙoda tana da iyaka. Ɗan kasuwa ya san in mudu ya cika ya yi tozo, duk abin da aka ƙara a ƙasa zai zube. Mudun ƙoda yakan cika ne idan sukarin jini ya kai wajen miligiram 180 a cikin kowace desilita, abin da ya haura haka sai ya zube cikin fitsari. Shi kuwa sukari ba ya fita shi kaɗai, sai ya janyo ruwa ya tafi da shi. Daga nan ne yawan fitsari ke zuwa, yawan fitsari ya haifi ƙishirwa, kiyashi kuma ya sami abin lasa.

YADDA AKE YIN GWAJIN

Gwajin ba shi da wuya, amma yana da ƙa'idoji, in an karya su kuwa sai a sami amsar banza. Tilas ne kwalbar ta kasance mai tsabta, ba wadda aka zuba lemo ko zuma a ciki ba, ba kuma wadda aka wanke da ruwan bilic aka bar ɓurɓushinsa ba, domin yana iya sa tsinke ya canza launi alhali ba sukari. A bar farkon fitsarin ya zuba, a tari na tsakiya. A tsoma tsinken a cire nan take, a jira daidai daƙiƙoƙin da aka rubuta a jikin gwangwaninsa, sa'an nan a kwatanta launin da ya bayar da jerin launukan da ke jikin gwangwanin, a wuri mai haske. Fitsarin da ya daɗe a ajiye ba ya ba da amsar kirki, domin ƙwayoyin cuta suna cinye sukarin da ke ciki.

Shi kansa tsinken abu ne mai laulayi. Zafi yana kashe shi, laima tana kashe shi, haka nan barin murfi a buɗe. Galibin masu ƙera shi suna cewa a ajiye shi a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba. Sai mai karatu ya auna da kansa abin da zai sami gwangwanin da ya yi wata uku a kan kanta a ƙarƙashin rufin kwano a bazarar Yerwa. Saboda haka mai saye ya duba ranar lalacewa, ya tambayi yadda aka ajiye, ya kuma guji tsinken da ake sayarwa ɗai-ɗai a ƙulle cikin leda.

INDA FITSARI KE RUFE GASKIYA

Da labarin Kawu ya bazu a layinsu, sai tsoro ya kama maƙwabcinsa mai sayar da albasa, domin mahaifinsa da yayarsa duk cutar ce ta yi ajalinsu. Maimakon ya je asibiti sai ya aika aka sayo masa tsinke, ya zagaya bayan rumfa ya tsoma da sassafe kafin ya karya kumallo. Tsinke bai canza ba. Ya dawo yana murna yana cewa shi kam Allah ya tsare shi, ya sa aka ƙara masa sukari a shayi. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa, bai ma ji zafinta ba sai da ya ga jini a takalmi. Ciwon ya ƙi warkewa, ya zama gyambo, ya fara wari. Ran da aka kai shi asibiti aka auna jininsa da safe bai ci kome ba, sai aka sami 170. Da ƙyar likitoci suka ceci ƙafar, amma yatsu biyu sun tafi.

Mai karatu zai ce, to, ashe tsinken ƙarya ya yi masa? Ko da lafiyayyen tsinke ne, abin da ya gani shi ya faɗa. Ga inda gizo ke saƙar. Likitoci suna tabbatar da ciwon sukari idan jinin mutumin da ya yi awa 8 bai ci abinci ba ya kai 126, ƙoda kuwa ba ta fara zubarwa sai ya kai wajen 180. Watau tsakanin 126 da 180 akwai fili babba, wanda mutum zai iya zama a cikinsa shekara da shekaru, fitsarinsa wasai, kiyashi bai san da shi ba, alhali cutar tana cin jijiyoyin ƙafarsa da idonsa da ƙodarsa a hankali.

Har ila yau mudun kowa dabam ne. Tsofaffi da waɗanda suka daɗe da cutar, sau da yawa ƙodarsu ba ta zubar da sukari sai ya wuce 180 nesa. Mai shan ƙwayar bitamin C da yawa, tana iya hana tsinke canza launi. Wanda ya sha ruwa mai yawa, fitsarinsa ya tsinke, shi ma yana iya samun amsar da za ta yaudare shi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, akwai masu sukari a fitsari amma jininsu lafiya lau. Mace mai juna biyu takan zubar da ɗan sukari saboda canjin da ciki ke kawo wa ƙoda, akwai kuma waɗanda aka haifa da ƙoda mai saurin zubarwa. Bugu da ƙari, a cikin magungunan zamani akwai irin su dapagliflozin da empagliflozin waɗanda aikinsu ke nan su sa ƙoda ta fitar da sukari, mai shansu zai ga tsinke ya yi duhu kullum ko da jininsa ya daidaita. Wani abu kuma, fitsarin da ke cikin mafitsara taruwar awoyi ne, labarin ɗazu yake bayarwa. Ba ya kuwa iya nuna faɗuwar sukari, alhali mai allurar insulin ko mai shan wasu ƙwayoyin yana iya suma in sukarinsa ya sauka ƙasa da 70.

A taƙaice dai, in tsinke ya nuna sukari, a garzaya a gwada jini. In bai nuna ba, kada mutum ya saki jiki, shi ma ya gwada jini.

LAMBOBIN DA YA KAMATA A RIƘE

Hanyoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su wajen tabbatar da cutar duk na jini ne. Na farko, awo da safe bayan awa 8 ba abinci: ƙasa da 100 lafiya ne, 126 ko fiye ciwon sukari ne, abin da ke tsakani kuwa gargaɗi ne cewa mutum yana bakin ƙofa. Na biyu, awo a kowane lokaci: in ya kai 200 ga kuma alamomi irin na Kawu, magana ta ƙare. Na uku, a ba mutum ruwa mai gulukos giram 75 ya sha, a auna bayan awa 2, in ya kai 200 cutar ta tabbata. Na huɗu shi ne wanda likitoci ke rubutawa HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, iyakarsa kuwa kashi 6.5 cikin 100. Sai dai shi wannan na ƙarshe yana iya kuskure ga mai sikila ko mai ƙarancin jini, don haka a faɗa wa likita. Wanda ba shi da wata alama, akan maimaita masa gwajin wata rana kafin a yanke hukunci.

Wasu na'urori da wasu ɗakunan gwaji suna amfani da wani ma'auni dabam, inda za a ga 7.0 a maimakon 126, ko 11.1 a maimakon 200. Duk abu ɗaya ne, in an raba babbar lambar da 18 sai a sami ƙaramar.

AMFANINSA BAI ƘARE BA

Kada wani ya ɗauka cewa an yi wa gwajin fitsari ritaya. A ƙauyen da ba na'urar awon jini, tsinken fitsari ya fi babu nesa ba kusa ba, ga araha, ga shi ba ya bukatar batir ko lantarki. Ban da haka akwai abubuwa uku da fitsari ke tonawa waɗanda awon sukari a ɗigon jinin yatsa ba ya nunawa.

Na farko shi ne sinadarin kiton. Idan insulin ya yi ƙaranci ƙwarai, jiki yakan koma ƙona kitse, hayaƙin wannan ƙuna kuwa shi ne kiton, wanda ke gurɓata jini. Yaro ko babba mai ciwon sukari da ya kama amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama, bakinsa yana ƙamshi kamar na ruɓaɓɓen ɗan itace, in tsinke ya nuna kiton da yawa a fitsarinsa, to, ba a kwana da shi a gida. Yara da dama ta wannan hanya ake fara gane cutarsu, wasu kuwa akan yi ta yi musu maganin zazzaɓin cizon sauro har lokaci ya ƙure.

Na biyu shi ne albumin, wani sinadari na jini wanda lafiyayyar ƙoda ba ta bari ya tsere. In ya fara ɓulla a fitsari, alama ce matatar ta fara yoyo, tun kafin ƙafa ta kumbura ko fuska. Ana shawartar kowane mai ciwon sukari na nau'i na biyu ya yi wannan gwaji sau ɗaya a shekara tun daga ranar da aka gano cutarsa, domin akwai magungunan da ke rage saurin lalacewar ƙoda in an fara da wuri. Mutanen Borno da Yobe ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan ciwon ƙoda, sun ga yadda wankin ƙoda ke cinye dukiyar gida. Ciwon sukari da hawan jini kuwa su ne kan gaba a cikin abubuwan da ke kashe ƙoda a duniya.

Na uku shi ne ciwon mafitsara, domin fitsari mai zaƙi gona ce ga ƙwayoyin cuta. Mace mai yawan ƙaiƙayin gaba ko zafin fitsari wanda ke tafiya yana dawowa, kada ta tsaya a kan maganin sanyi, ta nemi a auna mata sukari. Ita kuma mai juna biyu, fitsarin da ake karɓa a wurin awo yana da muhimmanci, amma gwajin jini tsakanin mako na 24 da na 28 shi ne ke tabbatar da ciwon sukarin ciki.

GIRMAN MATSALAR

A da ana ce wa ciwon sukari cutar masu kuɗi. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta sa aka yi a 1992, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Oladipo Akinkugbe, ya sami kashi 2.2 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ɗauke da ita. A 2018 Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka tattara bincike-binciken da aka yi a sassan ƙasar nan, suka sami kusan kashi 6 cikin 100. Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ke fama da cutar a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna da ita ba. Wannan rabin da bai sani ba shi ne abin tsoro, domin a cikinsa maƙwabcin Kawu ya zauna har ƙusa ta tona.

Zaman kasuwa kansa yana taimakon cutar. Mutum ya hau Keke Napep daga ƙofar gida zuwa bakin rumfa, ya zauna tun safe har magariba, shayi mai cokali uku ko huɗu na sukari yana zagayowa, ga lemon kwalba da zoɓo mai zaƙi saboda zafi, da dare kuma ga malmalar tuwo. Tumbi ya fito, a ce alamar arziki ce. Duk wanda ya wuce shekara 35, ko yake da ƙiba ko hawan jini, ko wani na jininsa yake da cutar, ko macen da ta taɓa haihuwar jariri mai nauyin fiye da kilo 4, ya kamata ya auna jininsa ko da ba ya jin kome. In an sami lafiya, a maimaita bayan shekara 3, in kuwa yana bakin ƙofa, kowace shekara. A Maiduguri ga Asibitin Koyarwa na Jami'a a kan hanyar Bama, wanda Shugaba Shehu Shagari ya buɗe a 1983, ga Asibitin Ƙwararru na Jiha, ga Asibitin Umaru Shehu a Bulumkutu, ban da ƙananan asibitocin unguwanni. Sukar yatsa ba ta ɗaukar minti biyar.

Da shugabannin kasuwa za su ɗauki shawara, da sun haɗa kai da ma'aikatan lafiya a ranar 14 ga Nuwamba, ranar da duniya ke tunawa da wannan cuta saboda ita ce ranar haihuwar Banting, a kafa rumfa a cikin kasuwa a auna jinin kowa da hawan jininsa. Ɗan kasuwa ba ya son rufe shago ya tafi layin asibiti, amma in asibitin ya zo masa har gida ba zai ƙi ba.

BAYAN RUWA YA JANYE

A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri irin yadda ba a gani ba tun 1994. Unguwar Kwastam da kasuwarta suna cikin wuraren da abin ya fi shafa, shi kansa Asibitin Koyarwa bai tsira ba. Kawu ya fita da iyalinsa da rigar da ke jikinsa, buhunansa suka tafi, tare da su kuma na'urar awon jininsa da ƙwayoyinsa da littafin da yake rubuta lambobinsa a ciki. Ya yi mako biyu ba magani. Da na same shi, abin da ya fara roƙona ba jari ba ne, cewa ya yi, “Ɗana, ka nemo mini ƙwayar nan da abin awo, na fara jin ƙishirwar nan ta da.”

Yanzu ya koma rumfarsa. Shayinsa ba sukari, tuwonsa ya ragu, miyar ganye ta ƙaru, yakan kuma taka da ƙafa daga gida zuwa kasuwa kafin rana ta yi zafi. Kowane dare sai ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsunsa. In azumi ya gabato yakan je wurin likita a gyara masa lokutan shan magani, ya kuma tambayi malamai suka ce masa sukar yatsa don awo ba ta karya azumi. Sau ɗaya a shekara yakan kai fitsari a duba masa ƙoda. Yaron shagon nan da ya sha tsawa kuwa, shi ne yanzu ke riƙe masa littafin lambobi, Kawu kuma duk wanda ya zo masa da kukan ƙishirwa da yawan fitsari, ba ya barinsa ya jira kiyashi, asibiti yake tura shi.

Lafiya uwar jiki, in ji Hausawa, rigakafi kuma ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu ita, amin.